Taƙaitaccen Bayani kan Tururuwa da Fara a Kamun Kifin Tirawut

Masu kamun tirawut (wani kifin ruwan sanyi) da ƙwaron bogi, wato kwaikwayon ƙwaro da ake ɗaurawa a jikin ƙugiya da zare da gashi, a rafukan Amurka, da suka tattauna batun ƙwarin tudu, sun yi ittifaƙi cewa amfaninsu ya fi bayyana daga Yuli zuwa Satumba, lokacin da ƙwarin ruwa suke raguwa, iska kuma take kaɗo tururuwa da fara da gyare daga rassan bakin rafi. Saboda haka suka ba da shawarar a jefa fatsa dab da gaɓa, ƙarƙashin inuwar bishiyoyi, musamman da rana tsaka.

A kan tururuwar bogi aka fi daɗewa ana magana. An jaddada cewa siffarta ce take jan kifin, wato dunƙule biyu da siririn ƙugu a tsakani, kuma wanda ya cika ƙugun da gashi ya ɓata aikinsa. Baƙa da ja-ja-ja, a kan ƙaramar ƙugiya mai lambar girma 14 zuwa 20, sun wadatar. Idan tururuwa masu fiffike suka faɗo ruwa bayan ruwan sama, kifin yakan ƙi kallon komai sai su, don haka bai kamata akwatin masunci ya rasa kaɗan daga irinsu na bogi ba. Wasu sun fi son tururuwar bogi wadda take nutsewa, kuma hujjarsu mai ƙarfi ce, domin tururuwa ba ta daɗewa a saman ruwa mai gudu.

Ita fara ta bogi, a bar ta ta faɗa ruwa da ɗan ƙara. Da yake ƙaramar tururuwa tana da wuyar hangowa, ana iya ɗaura ta a bayan farar da guntun zare, sannan a sake su ruwa ya tafi da su ba tare da an ja ba.