Dan Allah a ba ni shawara, in ci gaba da ajiye kuɗi a waya ko in haƙura?

Yaron Mile 12:
Salamu alaikum 'yan uwa. Ina sayar da albasa a wajen maigidana a kasuwar Mile 12 ta Legas, kuma tun wahalar canjin kuɗi ta 2023 kwastoma sai tiransifa, ko ta dubu biyu ce. To satin da ya wuce abokina da muke kwana ɗaki ɗaya ya hau danfo daga Oshodi da daddare aka zare masa waya, wlh kafin gari ya waye an kwashe kuɗin auren da yake tarawa a asusunsa na waya, ina kallonsa zaune bakin tabarma ko kokon da na miƙa masa ya kasa sha. Tun ranar hankalina bai kwanta ba, na cire nawa kaf na cusa cikin matashi. In rufe asusun ne ko yaya?

Mai POS na Idi-Araba:
Wa alaikumus salam, Allah ya mayar masa da alheri. Amma ƙanina kuɗi a matashi a ɗakin da kuke kwana da yawa, ga gobara ga mai ɗan hali, ai an gudu ba a tsira ba. Kaga ɓarawon nan layinka yake so fiye da wayar, yana cire sim ɗin ya sa a ƙaramar waya ya danna *565*0# sai BVN ɗinka ya fito, duk OTP, wato lambar sirrin da ake turo maka ta saƙo don tabbatar da kai ne, kuma wajensa zai riƙa shiga, shi kenan ya zama kai. Ka sa wa sim ɗin kansa PIN, ba makullin fuskar waya kawai ba, in aka yi kuskure sau uku yana kullewa. Sai dai ka nemo katin da ka ɓallo sim ɗin a jiki saboda lambar PUK da ake buɗe sim da ita in ya kulle tana nan, kar ka je ka kulle kanka. Kuma dan Allah banda shekarar haihuwa ko 1234.

Maman biyu, Agege:
Ni tsoron ne ya sa na raba asusuna biyu. Wanda nake karɓar ciniki da shi ba ya kwana da kuɗi, da magariba nake turawa banki, layin bankin kuma yana gida a ƙaramar waya, ba ya shiga kasuwa.

Baba mai goro:
Ku yara kun cika yarda da abin da ba kwa gani. To in 'yan wan cans, ɓarayin nan masu ɗaukar fasinja, suka ritsa ka a mota suka ce buɗe ka tura, PIN ɗin me zai yi maka?

Mai POS na Idi-Araba:
Gaskiyarka Baba, Allah ya tsare. Shi ya sa dabarar Maman biyu ta fi, abin da suka tarar shi za su ɗauka. A rage kuma iyakar abin da za a iya turawa a rana.

Ɗalibi daga Akoka:
Ƙari kaɗan, OPay da PalmPay da Moniepoint duk suna da lasisin CBN, kuma akwai inshorar NDIC, hukumar da ke biyan masu ajiya in kamfani ya durƙushe, amma ba ta biyan wanda ya karanto wa wani OTP da bakinsa. Tun da CBN ta ce a haɗa asusu da BVN ko NIN a ƙarshen 2023 'yan damfara masu kira suka samu ƙofa, sai ka ji “za a rufe maka asusu yau, karanto lambar da ta shigo”. Kashe wayar kawai. In kuma waya ta ɓata, a daren ka ari ta wani ka sa a toshe asusun da layin, kar ka jira safiya.

Yaron Mile 12:
Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Na gano katin sim ɗin a cikin jakata, yanzu na sa PIN ɗin. Gobe in Allah ya kai mu zan mayar da kuɗin banki, in raka abokina ya yi welkom bak, wato a dawo masa da layinsa a sabon sim.