Ruwa na kwanciya a gindin ginin gidanmu, maso ya ce a binne tiyo, nawa abin yake ci?

Ɗan Karkada:

Salamu alaikum ƴan uwa, barkanmu da warhaka. Shawara nake nema wajen waɗanda suka san harkar gini. Gidanmu yana unguwar Karkada a Damagaram, ginin bulo ne da rufin tol, tsawonsa mitir 12 faɗi mitir 8, amma ɗakin tsohuwa da katangar baya na ƙasa ne tun na mahaifinmu Allah ya jiƙansa. Duk damina in aka yi ruwa mai ƙarfi sai ya kwanta a gindin bangon gabas ya kwana ya wuni bai tafi ba, yanzu filastan ƙasan bangon duk ya kumbura yana zuba, ga wani farin gishiri da ke fitowa, ga tsaguwa ta fara daga kusurwar taga ta yi ƙasa. Na kira wani maso ya duba ya ce sai an haƙa rami an zagaye gidan gaba ɗaya an binne tiyo mai huda-huda da tsakuwa, ya yi mini kuɗin kaya da na aiki jika 600. Ni dai gabana ya faɗi, ba ni da su a aje, amma kuma ina tsoron ɗakin tsohuwa. Wanda ya taɓa yin wannan aikin don Allah ya gaya mini, kuɗin ya yi daidai? Kuma shi ne maganin ko akwai mai sauƙi?

Tsohon Maso Garin Malam:

Wa alaikumus salam ɗana. Kafin mu zo maganar kuɗi ka je ka yi wa mason nan tambaya guda, ruwan da tiyon zai tara ina zai zubar da shi? In bai nuna maka wurin da ya fi ramin ƙasa ba, wurin da ruwan zai gangara da kansa ya fita, to kada ka ba da ko dala. Tiyon da aka binne ba shi da mafita ruwa yake jawowa ya aje maka a gindin fondasiyo, abin da kake gudu shi za ka saya da kuɗinka.

Ka san garin nan a kan dutse yake zaune, ba sai an gaya maka ba ga su nan tuli-tuli a Birni da ko'ina. Unguwanni da yawa in ka haƙa kaɗan sai diga ta fara tartsatsi. Shi ya sa ruwa ba ya nutsewa da nisa, shi ya sa tapkuna suke cika cikin gari da damina, kuma shi ya sa da rani muke wahalar ruwan sha har sai an jawo shi daga rijiyoyin Gogo Machaya da Arunguza can wajen gari. Ruwan da ke cin ginin mafi yawan gidajen Damagaram ba daga ƙarƙashin ƙasa yake tasowa ba, daga sama yake zuwa, na rufinka da na tsakar gidanka da na layi. Wanda ya zo ta sama kuwa ta sama ake korarsa, ya fi araha kuma kana ganinsa da idonka in ya toshe.

Ni in gidana ne ga yadda zan bi. In sa gutiya, wato abin da ke tare ruwan rufi, a bakin tol, musamman ta gabas tunda daga can hadari yake tasowa, ruwan ya sauko ta tiyo marar huda ya tafi nesa da bango. In yi ciko da jan ƙasa a gindin ginin a daddaɓe shi sosai, ba rairayi ba don rairayi tsotse ruwa yake, sannan in zuba daɓen siminti faɗin mitir 1 ya zagaye ginin yana gangarowa waje. Sai ƴar kwata a buɗe daga tsakar gida zuwa rariyar ƙofar gida. In an yi wannan an ga damina guda ruwa bai daina ba, sannan a yi zancen binne tiyo.

Tsaguwar nan kuma kada ka toshe ta tukuna. Ka shafa ɗan siminti siriri a kanta wuri biyu ka rubuta ranar, in ya tsage bayan wasu makonni ginin yana motsi ke nan, wannan sai an kira mai ilimin abin ya zo da ƙafarsa, ba maganar intanet ba ce.

Tekinisiye_ZR:

Baba ya faɗi gaskiya, bari in ƙara da lissafi don Malam ya iya zama da mason su yi magana da alƙaluma. Ruwan sama milimitir 1 a kan murabba'in mitir 1 litir 1 ne. Rufinka 12 sau 8, murabba'in mitir 96 ke nan, to in aka yi ruwa milimitir 40 a dare guda, wanda cikin watan Agusta ba abin mamaki ba ne, litir 3,840 ne ya sauko daga rufinka kaɗai, kusan tano 20 na litir 200, kuma in ba gutiya duk a gindin bangonka ya zuba. Wannan shi ne babban mai laifin.

Daɓen da Baba ya ce: zagayen gininka mitir 40, faɗi mitir 1, kauri santimitir 8, ya kama kubik 3 da ɗan wani abu na kankare. In aka sa siminti kilo 300 a kowane kubik, buhu 6 ke nan na kilo 50, za ka ci wajen buhu 20 zuwa 21, wato ton guda da ɗan ƙari. Sai rairayi da tsakuwa. Gangaren ya kai santimitir 3 daga bango zuwa baki, kuma a riƙa yanka shi kowane mitir 2 ko 3 saboda zafin rana kada ya tsattsage inda ya ga dama. Inda daɓen ya haɗu da bango a cike da kwalta. A shayar da shi ruwa safe da yamma har mako guda, na san ruwa tsada gare shi a nan amma in ba a yi ba aikin banza ne. Kuɗin siminti gwamnati ta rage shi a ƙarshen 2024 bayan ambaliyar shekarar, amma ka je kanti biyu uku ka ji na yau da kunnenka.

Shi kuma tiyon binnewa in har ya zama dole, ga abin da ya kamata ka gani a takardar mason. In an ja ramin mitir 1 daga bango zagayen ya koma mitir 48, tiyo PVC mai faɗin milimitir 100 masu tsawon mitir 4 guda 12 ke nan, ban da wanda zai kai ruwan mafita. Rami faɗin santimitir 30, tsakuwa wankakkiya kaurin santimitir 40, wajen kubik 6. Gangare santimitir 1 a kowane mitir, ka ga in ruwan zai yi tafiyar mitir 24 ta kowane gefe bakin fita ya fi mafari zurfi da santimitir 24, nan ne dutse yake tsayar da mutane. Dole a naɗe tsakuwar da ƙyallen tacewa da ake kira jiyotekstil, in ba haka ba rairayinmu mai laushi zai cike ta cikin ƴan shekaru. Kowace kusurwa a gina ɗan akwatin dubawa mai murfi. Kuma kada a haɗa ruwan gutiya da tiyo mai huda, kada a haɗa shi da fos ɗin masai.

Ba zan ce jika 600 ya yi yawa ko kaɗan ba sai na ga an rarraba shi. Ka ce ya rubuta tiyo nawa, kamiyon tsakuwa nawa, haƙa nawa ne mitir a ƙasa mai laushi nawa ne in an ci karo da dutse, don nan ne rigima take tashi, a fara aiki a ce maka an tarar da dutse sai ka ƙara, ga gida a haƙe ba ka da yadda za ka yi.

Hajiyar Birni:

Sannunku da ƙoƙari. Ni maganar ɗakin tsohuwa ce ta tsaya mini a rai. Ɗana ka rufa wa kanka asiri kada ka bari a haƙa rami a jikin ginin ƙasa, tushensa ba zurfi gare shi ba kuma ƙasar da ke gefensa ita ke riƙe da shi. Mu nan Birni mun ga abin da ruwa yake yi, daminar 2024 har tsohon masallacin nan na zamanin Sarki Tanimun ya faɗi farkon watan Satumba, ginin da ya haura shekara 170 a tsaye, ranar mutane da yawa sun yi kuka. Ginin ƙasa ta ƙafa yake mutuwa, in gindinsa ya jiƙe ya yi laushi nauyin sama ne yake danne shi.

Iyayenmu kowace shekara kafin ruwa ya sauka sai an yi yaɓe, a ƙara wa gindin bango ƙasa ya yi kauri kamar dakali, a gyara indararo ya zama dogo yana watsa ruwa nesa, inda ruwan ke faɗowa a jera duwatsu don kada ya haƙa rami. Masu hali su sa makuba. Yanzu sai a shafe ginin ƙasa da siminti a ce an huta, alhali laima tana shiga ta bayansa ba ta samun fita, waje lafiya lau ciki ya zama gari, sai ran da ɓawon ya ɓalle gaba ɗaya. In ɗakin nata haka aka yi masa ka ƙwanƙwasa ka ji, in yana ƙara kamar ba komai a ciki to a duba shi tun yanzu. Kuma daren da ake ruwa mai yawa a dawo da ita ɗakin bulo ta kwana, wannan ba ya cin ko sisi.

Sai maƙwabta. Duk inda za ka fitar da ruwanka ka yi sallama da na kusa da kai tukuna, kada ka tsira da bangonka ka kashe na wani. Rigimar rariya ta raba zumunci da yawa a unguwar nan har gaban mai unguwa.

Na Bakin Tapki:

Ni kam zan ɗan saɓa da Baba, da girmamawa. Ba kowane gida ba ne gutiya da daɓe suke isarsa. Namu yana gangare kusa da tapki, in Agusta ta yi nisa ƙasan ɗaki da kansa yake tsattsafo da ruwa ko ba a yi ruwa ranar ba, tabarma ta jiƙe, ƙafar gado ta yi tsatsa. Mun yi duk na saman nan bai hana ba, sai da aka binne tiyo ta gefen tudu inda ruwan ke biyowa a kan dutsen ƙarƙashi, gefe guda kawai ba zagaye ba, aka kai shi ƙasan fili inda ya fi gangare. Tun daga nan ɗakunan suka bushe. Abin da ya fi cin kuɗi ba tiyon ba ne, tsakuwa ce da masu fasa dutse. Don haka Malam ka lura da naka, in bangon yana jiƙewa bayan ruwa ne kawai ya bushe in an kwana biyu, na sama ne, in kuwa laimar tana nan har bayan damina to akwai na ƙasa. Kuma ko wane iri ka yi sai da shara, iskar hunturu tana cika kwata da rairayi, ga leda, mu kowane watan Mayu muke buɗe akwatunan mu kwashe.

Ɗan Karkada:

Allah ya saka muku da alheri, Baba, Hajiya, da ku duka, wallahi na ƙaru. Namu bayan ruwa ne kawai, zuwa Nuwamba ya bushe sai gishirin ya rage. Hajiya ɗakin tsohuwa da siminti aka shafe shi, zan ƙwanƙwasa in ji. Matsala guda, tun da aka yi wa layinmu ciko titin ya fi tsakar gidanmu tudu, rariyar ƙofar gida ma ruwa take shigo mana da shi maimakon ta fitar, kuma babu kanibo, wato babbar magudanar ruwa ta bakin titi, kusa. To ina zan kai ruwan? Wani ya ce in haƙa fuzar, wato ramin da ke shanye ruwa, a tsakar gida.

Tsohon Maso Garin Malam:

Amin ɗana. Fuzar sai ka gwada ƙasar tukuna. Ka haƙa rami zurfin mitir 1 a wurin da ya fi nisa da gini, kada ya gaza mitir 5 daga bangonka da na maƙwabci, kuma nesa da masai, ka cika shi da ruwa ya shanye ka sake cikawa. In na biyun ya kwana bai ragu sosai ba ko kuma ka tarar da dutse, ka manta da fuzar, gidan sauro kawai za ka gina. In ya shanye to a haƙa babba a cika da manyan duwatsu a rufe da dal, wato murfin kankare, saboda yara.

Amma abin da na fi so gare ka shi ne ruwan rufi kada ya taɓa ƙasan gidan sam. Tunda daga sama yake zuwa yana da tudu, a bi da tiyon ta jikin katanga a sama ya fita layi ta saman cikon, ba ruwansa da rariya. Ko ka aje tano ko tanki a ƙarƙashin gutiyar, na farkon da ya wanke ƙurar tol a zubar, sauran ya yi wanki da wanka ka huta da ƴan garuwa kwana biyu, a rufe shi kuma a yi masa hanyar da zai bi in ya cika. Rariyar a toshe ta, a ɗaga dokin ƙofa ya fi titi da kamar bulo guda, tsakar gidan a yi masa ciko a hankali amma kada ya kai tsayin daɓen ɗakuna, a bar aƙalla santimitir 15. Wanda ya sauka a tsakar gida kaɗai shi fuzar za ta ɗauka. Ku kuma haɗu ƴan layin ku je wajen mai unguwa a kai kukan kanibo meri, ofishin magajin gari, wannan ba aikin mutum guda ba ne. Ka fara sayen kaya tun yanzu kaɗan-kaɗan, tiyo da tsakuwa ba sa lalacewa, siminti kuwa sai ana gobe aiki don in ya daɗe a aje daskarewa yake, kuma a gama komai kafin watan Yuni.