Ampilin kaski yana ƙugi: wutarmu ce ko haka ya baro kamfani?

Mai Studiyo, Garwa:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina da ɗan ɗakin ɗaukar murya a Yelwa, yawanci karatun malamai, tallan shaguna da waƙoƙin biki nake ɗauka. Wata biyu ke nan mu uku muka haɗa kuɗi aka sayo mana ampilin kaski guda uku daga Duwala (akwatin da ke ƙara wa kaski, wato abin saurare da ake sawa a kai, ƙarfin sauti), irin mai baki huɗu ɗin nan da mutum huɗu za su saurara lokaci guda. Kwali ɗaya, samfuri ɗaya, rana ɗaya aka sauke su. Na mutum ɗaya tsit, ko numfashi ba ya yi. Na biyun kunnen hagu yana rinjayar na dama in bolim yana ƙasa. Nawa kuwa ina kunnawa sai "huuum", kamar an ajiye mini firij a cikin kai. Shekaranjiya wani malami ya cire kaskin ya ce shi ba zai iya karatu da wannan abu a kunne ba. Na kira mai kayan, ya ce wutar Garwa ce. To ai wutar Garwa ɗin ce abokina yake amfani da ita. Wanda ya taɓa gamuwa da irin wannan ya taimaka.

Baban Rediyo, Marwa:
Wa'alaikumussalam. Ɗana, kafin ka zagi kowa yi mini abu uku. Zare duk wayar da ke shiga ampilin, ka bar ta wuta da kaski kawai. Mayar da bolim sifili ka saurara. Sannan ka ɗauki ampilin a hannu, yana kunne, ka matsa da shi nesa da sauran kayan. In ƙugin yana hawa da sauka tare da bolim, daga waje yake shigowa ta bakin shigar sauti. In kuwa bolim yana sifili shi kuma yana nan daram, to a cikin gida ɓarawon yake, galibi wajen da ake tace wuta. Tun zamanin kaset nake wannan aiki, rabin kayan da ake kawo mini da sunan sun lalace lafiyarsu ƙalau, wurin ajiyarsu ne bai yi ba.

Ɗan Kusiri:
Ni mai sayar da kaya ne, bari in faɗi tamu. Ba mu muke ƙera su ba. Kwali yana zuwa a rufe, ba zan buɗe guda hamsin in sa kunne a kowane ba. Kuma gaskiya wutarmu ba ta da tabbas, yau ta yi ƙasa gobe ta yi sama. Na sha karɓar kaya daga hannun mutum yana rantsuwa yana ƙugi, in jona a shago in ji shiru.

Maman Sauti, Njamena:
Alhaji, shagonka a ina yake? In a bakin titi ne, da babura da lasifikar mai kaset na kusa da kai, ko jirgi ne yake ƙugi a kaskin ba za ka ji ba. Ni aikin tace shirye-shiryen rediyo nake yi a gida, sai dare ya raba nake zama, lokacin ne komai yake fitowa. Nawa labarin daban ne. Na sa sola saboda yawan ɗauke wuta, aka haɗa mini inbata mai araha. Da wutar gari ampilina shiru. Ana ɗaukewa inbata ta karɓa, sai "zzzz" kamar sauro ya shiga kaskin, har transfon (naɗin wayar nan mai rage ƙarfin wuta) da ke cikin akwatin ana jin yana rawa ko ba a sa kaski ba. Wata uku ina zargin ampilin. Ashe inbatar ce ba ta ba da wuta mai laushi irin ta gari, tata hawa-hawa take kamar matakala, kuma waɗannan kusurwoyin su ne kunne yake ji. Da na tara kuɗi na canza zuwa wadda aka rubuta tana ba da tsantsar igiya, ƙarar ta tafi. Kafin nan dabarar da na yi ita ce ƙaramin ampili mai batir, in caje shi da rana in yi aiki da shi da dare. Abin da ba a jone da bango ba ba ya kwaso cutar bango.

Mai Studiyo, Garwa:
Baba na yi yadda ka ce. Na zare komai, bolim sifili, ƙugin yana nan. Da na ɗaga shi daga inda yake ya ɗan ragu kaɗan, amma bai tafi ba. Na kai shi gidan abokina, na jona a soket ɗin da nasa yake, da kaskinsa. Nasa shiru, nawa yana yi.

Ɗalibi, Ngaundare:
Yaya, akwai hanyar da za ka san irin ƙugin ba tare da ka buɗe ba. Wutar Kamaru da ta Chadi tana juyawa sau 50 a daƙiƙa, a kan bolt 220 zuwa 230. A Amurka sau 60 ne a kan 120, shi ya sa in ka ga bidiyonsu suna maganar ƙugin 60, namu 50 ne. Sauke manhajar da ke nuna zanen sauti a waya, ni Spectroid nake amfani da ita, ka manna bakin wayar a cikin kunnen kaskin a ɗaki shiru. In tsinin zanen ya tsaya a 50, yawanci wutar bango ce take tsallakowa, ko ta maganaɗisun wani transfo da ke kusa, ko ta wayar ƙasa, wato ta ukun nan ta filogi da ke kai wuta ƙasa. In ya tsaya a 100, da ƙanana a 200 da 300, wannan daga cikin ampilin ne: diyod huɗun da ke miƙar da wuta suna naɗe rabin igiyar ƙasa su mayar sama, sai 50 ta zama 100, aikin manyan kondansa ne, gwangwanayen nan masu tara wuta, su shafe wannan tudun. In sun gaza, kai ne za ka sha shi a kunne.

Wani abu kuma game da abin da Alhaji ya faɗa. Kaski ba ɗaya ba ne. Akwai mai om 32 (om shi ne ma'aunin yadda kaski ke tare wuta), akwai mai 250, irin DT 770 ma ana yin sa da 32 da 80 da 250, HD 600 kuwa 300 ne. Ƙugi iri ɗaya in ya shiga mai 32 yana samun ƙarfi kusan ninki takwas na wanda zai samu a mai 250. Ƙananan na cusawa cikin kunne sun fi kowa tona asiri. Don haka mutum biyu za su iya saɓawa a kan ampili ɗaya, kowa kuma gaskiyarsa yake faɗa.

Ɗan Kusiri:
To ka ji. Ashe ba ƙarya nake ba.

Maman Sauti, Njamena:
Ba ka yi ƙarya ba Alhaji, amma shi ma mai dawo da kayan bai yi ba. Ka ajiye ƙaramin na kunne a shago ka huta da rigima.

Mai Kiɗan Biki, Gidar:
Ku da kuke cikin ɗaki ma kuna kuka. Ni da gurup, wato janareto, nake aiki a filin biki. Kun san gurup ƙarami sai ya yi juyi 3000 a minti kafin ya ba da 50 ɗin da ɗalibi yake faɗa. Da an jona fitilu da firizar mai ƙanƙara sai injin ya nauyaya, ni kuma a kaski ina jin ƙugin yana sauka, in an cire ya koma sama. Har na saba, da kunne nake sanin an yi mini satar wuta ta bayan rumfa. Wanda ya fi ba ni wahala shi ne na kwamfuta. In laftof tana kan caja sai ƙara ta cika kaskin, har in na motsa linzami ina jin "tsirr tsirr". In na zare caja shiru. Wani mai gyara ya ce in karya ƙafar ƙasa ta filogin, na karya, ƙarar ta ragu. Bayan sati biyu mawaƙi ya sa leɓe a makirfo wuta ta fizge shi a gaban jama'a. Allah ya kiyaye bai wuce tsoro ba, amma ban ƙara samun aiki daga dangin nan ba.

Baban Rediyo, Marwa:
Subhanallahi. Wanda ya ba ka shawarar nan bai kyauta ba. Wayar ƙasa ba don sauti aka sa ta ba, don ranka ne. Ranar da wayar wuta ta taɓa jikin ƙarfen akwati, ita za ta kwashe ta kai ƙasa maimakon ta bi ta jikinka. Abin da ya same ka da laftof sunansa zagayen ƙasa: na'ura biyu kowace da hanyarta ta zuwa ƙasa, ga kuma wayar sauti ta haɗa su, sai wuta 'yar kaɗan ta riƙa kewayawa ta cikin rigar wayar sautin. Maganinsa a jona su duka a ralanj ɗaya, wato doguwar wayar nan mai soket da yawa, in bai yi ba a sa ɗan akwatin nan mai ƙaramin transfo a tsakanin laftof da mikisa, sauti ya wuce, wuta ba ta wuce ba. In kayan suna da bakin XLR a yi amfani da shi, wayarsa uku, an yi ta ne don ta kashe irin wannan.

Kuma mu nan muna da wata matsala tamu ta kanmu. Soket ɗinmu na Faransa ne, rami biyu da ɗan tsinken ƙasa a tsaye. Kayan da ake shigowa da su ta Mubi ko Banki kuwa filoginsu na Ingila ne mai ƙafa uku masu kusurwa. Sai a sayi adafta ta dala ashirin a cusa, ƙafar ƙasa tana lilo a iska. Gidaje da yawa ma in ka kwance soket ɗin waya biyu ce kawai a ciki, tsinken na ado ne. Mutum yana ganin yana da ƙasa, ba shi da ita.

Mai Studiyo, Garwa:
Ƙanena ɗalibi, Allah ya yi maka albarka. Na gwada da dare. Tsini babba a 100, ƙarami a 50, da wasu a 200 da 300.

Baban Rediyo, Marwa:
To cuta biyu ce. Ƙaramin na 50 ɗin, me ke ƙarƙashin ampilin ko kusa da shi?

Mai Studiyo, Garwa:
Regilata, akwatin nan mai daidaita ƙarfin wuta. A kanta na ɗora shi don teburin ya yi mini kaɗan.

Baban Rediyo, Marwa:
Ka ɗora shi a kan transfo mai nauyin kilo da yawa, ka ce kada ya yi ƙugi? Sauke shi, ko kamu biyu ne ya isa. Na 100 ɗin kuma sai an buɗe. Kada ka buɗe da kanka in ba ka saba ba, kondansa tana riƙe wuta ko an zare filogi. Ka kai wa mai gyara ka ce ya duba dalmar ƙafafun manyan kondansa, ya auna su, ya kuma duba sukurun da ke ɗaure wayar ƙasa da akwati. Na sha ganin an ɗaure shi a kan fenti, ƙarfe bai taɓa ƙarfe ba. Na taɓa yanka wata kondansa da ta yi mini sauƙi a hannu, na tarar da 'yar ƙarama a cikin babban gwangwani, rubutun jiki kuwa na babba ne. In za a canza, a sa mai rubutun digiri 105, kada a sa mai 85. Zafi ne ajalinsu, duk ƙarin digiri 10 yana raba kwanansu biyu, mu kuwa a watan Maris da Afrilu inuwa ma tana wuce 40, balle cikin akwatin ƙarfe a ɗakin da aka toshe tagoginsa da soso. Wanda zai yi shekaru a Turai nan ba ya kaiwa.

Na abokinka mai kunne ɗaya ya fi ɗaya, wannan bolim ɗin ne. Layi biyu ne a cikinsa, na hagu da na dama, masu araha ba sa tafiya daidai a farkon murɗawa. Ya rage ƙarar da ke shigowa daga mikisa don ya riƙa murɗa bolim zuwa tsakiya, zai ji sun daidaita. In ya fara ƙarar "ƙarr" lokacin hunturu, ƙura ce, a fesa masa maganin wanke bolim, ban ce man keke ba.

Ɗalibi, Ngaundare:
Ƙari kaɗan: in kun ji "dit-dit-dit-dirrr" kafin kira ya shigo, wannan wayar hannu ce in ta sauka kan 2G, tana aika saƙo a guntu-guntu kusan sau 217 a daƙiƙa. A nisanta ta da wayoyin sauti kawai, ba lalacewa ba ce.

Mai Studiyo, Garwa:
Na dawo da labari. Na kai wa wani mai gyara a babbar kasuwa, ya buɗe a gabana. Kondansa biyu ne manya. Ɗaya ƙafarta ko kama dalma ba ta yi ba, dalmar ta dunƙule a gefe kamar ƙwayar gero, da ya taɓa da tsinke sai ƙafar ta motsa. Minti biyar bai yi ba ya narka ya sake. Abin da ya ba ni haushi, a ƙasan akwatin ga 'yar takardar nan mai tambari wai an duba an wuce da shi. Wa ya duba? Da wane kunne? Na dawo gida na sauke shi daga kan regilata, na sa ƙaramin na kunne na 'yata don in ƙure shi. Sai na kai bolim ƙarshe nake jin ɗan "shhh", ƙugi babu. Malam ya dawo jiya mun ɗauki hizifi biyu.

Na kira mai kayan na gaya masa, ya ce tunda an buɗe ba ruwansa.

Ɗan Kusiri:
Nan kam bai kyauta ba, ko kuɗin gyaran ya biya. Amma ku sani mu ma in muka mayar wa na sama da mu ba ya karɓa, kan mu yake ƙarewa. Ni dai daga yau wanda zai sayi ampili zan shigar da shi ɗakin ajiya na baya, a rufe ƙofa, ya sa kaskinsa, bolim sifili, ya saurara kafin ya biya. Akwai guda shida da suka rage a kwalin da na buɗe wancan mako. Baba, in na aiko maka biyu ta motar Marwa ranar Litinin za ka duba mini cikinsu?

Baban Rediyo, Marwa:
Aiko duka shidan, ka haɗa da filogin da kake sayar da su da shi.