Neman kalma: me za mu kira "satalayit RNA" na tumatir?

Jama'a, ku kawo ɗauki. Ina rubuta wa manoman rani na Danja bayani kan cututtukan tumatir, sai na cije a kalma ɗaya: satalayit RNA. Wani ya ce in sa "tauraron ɗan adam na RNA". Ba zan sa ba. Manomi zai ɗaga kai ya duba sama, alhali abin yana cikin ganye.

Ga yadda yake. Akwai bairas mai suna CMV (Cucumber mosaic virus da Turanci), kwarkwatar ganye ke yaɗa shi, yana kama tumatir da barkono da kokwamba. Wani lokaci yakan taho da wani ɗan guntun RNA, wato irin zaren da ake rubuta bayanan halittar bairas a kai, haruffansa wajen 330 zuwa 400. Shi ne satalayit RNA ɗin. Guntun nan ba ya hayayyafa da kansa, ba shi da rigar kansa, wato ɓawon da ke lulluɓe bairas. Bairas ne ke kwafarsa, ya naɗe shi cikin tasa rigar, ya kai shi shuka ta gaba.

Kuma guntayen nan ba halinsu ɗaya ba. Da yawansu rage wa bairas ƙarfi suke yi, har a ƙasar Sin an gwada su a gona a matsayin riga-kafi. Amma akwai mai kisa. A 1972 tumatir ya yi ta ƙonewa a Alsas ta Faransa, sai a 1977 masu bincike Kaper da Waterworth suka nuna guntun ne sila. Kudancin Italiya ma ya ɗanɗana a 1988.

Wata yayata a Daura ta ce "kaska", tunda raɓar mai jini yake yi. Yaya, kin kusa, amma manomi na jin kaska zai tafi sayen maganin feshi. Baba, "kauci" da ka kawo a jikin itace yake zama, shi kuwa wannan a jikin bairas. "Ɗan rakiya" da ƙafarsa yake tafiya.

Ni dai "goyon bairas" ya fi kwanta mini. Ba ya zuwa ko'ina sai an goya shi, rigar bairas ce zanin goyonsa, nauyinsa kuma yakan rage wa uwar sauri. Sai mu raba su biyu, goyo mai sanyaya cuta da goyo mai ƙona tumatir. Na san goyo kalmar tausayi ce, ba ta saba zama kusa da kisa ba, nan ne kaɗai nake ɗari-ɗari. Wanda ke da wadda ta fi ta, ya kawo kafin Juma'a, ranar zan miƙa rubutun.