An yi mini tayin shiga ƙungiyar jaruman coci a Legas: in karɓa bana ko in dakata?

Ɗan Zonkwa a Ikorodu:
Salamar Ubangiji ta kasance tare da ku, iyayena da 'yan'uwana. Wani dattijo a cocinmu, wanda ya daɗe yana ganina cikin masu tsara wurin zama ranar Lahadi, ya ce zai tsaya mini idan ina son shiga ƙungiyar Jaruman Waliyyi Mulumba, wato KSM, kuma yana jiran amsata kafin ƙarshen wata mai zuwa. Zuciyata tana so, amma abubuwa uku sun tsaya mini a rai. Na farko, ina aikin karɓa-karɓa a wani ɗakin ajiyar kaya a Apapa alhali ina zaune a Ikorodu, saboda haka ba kowace Asabar nake da ikon kaina ba. Na biyu, matata 'yar ECWA ce. An ɗaura mana aure a cocin Katolika da izinin Bishop, an yi wa yaranmu baftisma a nan, amma ita ba ta karɓar Jibi tare da mu. Na uku, ina da niyyar komawa Kaduna nan da 'yan shekaru, kuma ina son sanin ko ana mayar da sunan mutum reshen can. Wanda ya taɓa shiga irin wannan hali ya taimake ni da abin da ya gani da idonsa.

Baban Tagwaye:
Ɗana, ka gode wa Allah da aka ga ka cancanta, domin ba kowa ake kira ba. Ya kamata ka fara sanin abin da za ka shiga. Fada Anselm Ojefua ne ya kafa wannan ƙungiya a Onitsha a 1953, a lokacin da ƙungiyoyin asiri suke janye mazan Katolika masu ilimi da muƙami da alkawarin taimakon juna, sai ya ga gara a samar musu 'yan'uwantaka a cikin coci. An sa mata sunan Matiyas Mulumba, ɗaya daga cikin shahidan Uganda 22 da Fafaroma Bulus na 6 ya ayyana tsarkaka a 1964, mutumin da aka kashe a 1886 a zamanin Sarki Mwanga saboda ya ƙi barin bangaskiyarsa. Ni na shiga tun gashina yana baƙi, kuma a cikinta na fara shiga gidan yari domin ziyara, na fara kai abinci gidan marayu, na ga yadda ake tara kuɗin karatun masu shirin zama fada. Ka karɓa kawai, sauran Allah zai daidaita.

Sajan mai ritaya, Ojo:
Da girmamawa ga Baba, idan yaron nan yana son horo da tsari, to ya zo wurinmu, Jaruman Waliyyi Yohanna, wato KSJI. Tamu ta fi tsufa, domin a Amurka aka kafa ta a 1886, ta iso Najeriya a 1976. Muna fareti, muna tsayuwar girmamawa idan Bishop ya zo, kuma duk wanda ya taɓa zama a bariki zai ji kamar ya dawo gida. Lokacin da na shiga, kaki da hula da takobi da kuɗin rajista duka ba su kai mini naira dubu 150 ba.

Direban Mile 12:
Yallaɓai Sajan, a wace shekara ke nan? Maƙwabcina ya yi irin wannan shiri a bara, kuma ya rantse mini cewa ya kashe fiye da dubu 600 kafin ya tsaya a layi ranar rantsuwa, ban da ɗinkin matarsa. Sannan ina so a bayyana mini yadda mutumin Ikorodu zai shiga danfo da takobi a kugu da hula mai gashin tsuntsu, kwandasta yana ihun a matsa a zauna huɗu-huɗu. Ina ganin ranar ce kaɗai 'yan agbero, wato 'yan kamashon tasha, za su bar shi ya wuce ba tare da gardama ba.

Maman Alheri:
Ban so in yi magana ba, amma tunda ana ta lissafin kaki, bari in faɗi abin da ba ya cikin lissafin. Ba zan ambaci sunan ƙungiyar ko cocin ba, domin har yanzu ina gaisawa da wasunsu. Maigidana marigayi ya yi shekaru a ɗaya daga cikin ƙungiyoyin nan. Ba ya fashin taro, kuma idan aka yi rasuwa a cikinsu shi ne na farko a mota, ko da gawar za a kai ƙauyen da ake kwana biyu a hanya. Sau da yawa kuɗin cefane yake taɓawa ya biya gudummawa, ni kuwa ina haƙuri saboda na ɗauka aikin Allah ne.

Sai kamfaninsu ya rage ma'aikata, ga hawan jini, ga kuɗin haya da mai gida a Legas yake so na shekara guda a dunƙule. Ya fara kasa biyan kuɗin wata-wata, kunya ta hana shi zuwa taro, kuma a tsawon jinyarsa mutum biyu ne kawai daga cikinsu suka taka ƙofarmu. Ranar da ya cika na aika musu. Suka zo da ladabi, suka yi addu'a, sannan sakatare ya buɗe littafi ya nuna mini cewa akwai bashi a kansa, don haka bisa doka ba za a yi masa cikakkiyar karramawa ba sai an biya. Ina zaune a tabarma da yara huɗu, gawa tana ɗakin ajiya ana ƙirga mini kuɗi kullum, ga motar da za ta kai shi gida Shendam, ana yi mini maganar bashin taro.

Zumuntar Mata da ƙungiyar 'yan garinmu ne suka tara abin da ya kai shi gida, mata masu sayar da doya da tumatir a kasuwa. Daga baya wasu daga cikin abokansa sun haɗa kuɗi daga aljihunsu sun kawo mini, kuma ina gode musu har gobe, amma a matsayin kansu suka kawo. Kakinsa yana nan a akwati, na rasa wanda zan ba. Ɗana, kafin ka sa hannu ka ce a nuna maka a rubuce abin da ake yi wa wanda ya kasa biya.

Baban Tagwaye:
Mama, Allah ya ba ki haƙuri, ya jiƙan ɗan'uwanmu. Abin da aka yi miki bai dace ba, ko wace ƙungiya ce. A reshenmu idan mutum ya shiga matsi yakan sanar da shugabanni a asirce, a ɗage masa. Amma a gane cewa wannan ba kamfanin inshora ba ne, kuma ba adashi ba ne. Ana shiga ne domin a bayar, ba domin a karɓa ba.

Malamin makaranta a Agege:
Baba, ku gafarce ni, a nan ban yarda da ku ba. An sha faɗa mana cewa an tsara KSM ne bisa samfurin Jaruman Kolumbus na Amurka. To, Fada Michael McGivney ya kafa waccan ne a 1882 a garin New Haven saboda yana ganin yadda iyalan baƙin haure 'yan Katolika suke tagayyara idan mai ciyar da gida ya mutu, kuma tun farko asusun tallafa wa matan da mazansu suka rasu da marayu yana cikin tushenta. Ashe abin da Mama ta sa rai a kai ba kwaɗayi ba ne, shi ne ainihin dalilin da ya haifi irin waɗannan ƙungiyoyi. Ƙungiyar da take kai shinkafa gidan marayu da masu ɗaukar hoto, amma ta buɗe wa marayun ɗanta littafin bashi, tana bukatar ta sake duba kanta.

Sajan mai ritaya, Ojo:
Malam, kai memba ne? Idan ba ka taɓa yin rantsuwa ba, abin da kake faɗa karatun littafi ne. Ita ma Mama, da dukan girmamawa, ɓangare ɗaya ta ji, domin ba ta zauna a taron da aka yanke shawarar ba. Yaron nan ya tambayi waɗanda suke ciki, ya kamata a bar mu mu ba shi amsa.

Maman Alheri:
Yallaɓai, ban zauna a taronku ba, amma ni nake wanke kakin, ni nake dafa abincin idan taro ya zagayo gidanmu, kuma daga tukunyata ake cire kuɗin. Idan ana neman amincewar mace kafin a karɓi mijinta, kamar yadda aka nemi tawa, me ya sa shawararta ba ta da daraja bayan an karɓe shi?

Direban Mile 12:
Mama ta kwance wa Sajan takobi ba tare da ta tashi daga kujera ba.

Akawu a Obalende:
Ni ina cikin shekarun gwaji yanzu, saboda haka lissafina sabo ne. Kuɗin fom da na rajista ba su ne matsala ba, kuma ba su kai ko kusa da abin da Direba ya ambata ba. Ni abin da na fitar zuwa yanzu bai wuce dubu 200 ba. Abin da yake cin mutum shi ne ƙananan gudummawa da ba sa ƙarewa: bikin shahidan Uganda na ranar 3 ga Yuni, naɗin sabon fada, jana'iza, babban taro a wata jiha, ga kuɗin mota tun da aka cire tallafin mai a 2023. Kowane reshe yana da nauyinsa, domin reshen da yake cike da manyan 'yan kasuwa ba zai yanka gudummawa daidai da na ma'aikatan albashi ba. A gefe guda kuma, lokacin da aka kwantar da ɗiyata a asibiti, wani likita ɗan reshenmu ya zo da kansa cikin dare, bai karɓi ko kwabo ba.

Ɗan Zonkwa a Ikorodu:
Na gode muku duka. Mama, Allah ya raya yaran, kuma zan nemi ganin dokar a rubuce. Sai dai har yanzu ban ji komai ba game da Asabar ɗin da nake aiki, da batun matata, da batun komawa Kaduna.

Katikis mai ritaya:
Ɗana, batun komawa gida shi ne mafi sauƙi, domin ƙungiyoyin biyu suna da rassa a Arewa, kuma na ga mutanen da aka mayar da sunansu da takarda daga tsohon reshe, muddin babu bashi a kansu. Batun matarka kuwa kada ka ɗauki amsar kowa a nan. Aurenka sahihi ne a idon coci tunda da izini aka ɗaura shi, amma ƙa'idar shiga ƙungiya daban take, musamman da yake matan membobi suna da nasu ɓangaren da ake sa ran za su shiga. Ka je wurin Fada da dattijon da zai tsaya maka a zama ɗaya, ka tambaye su a gaban juna. Idan kuma hidimar talakawa ce take jan zuciyarka, akwai ƙungiyar Waliyyi Vincent de Paul, wadda wani ɗalibi mai suna Frederic Ozanam da abokansa suka fara a Paris a 1833. Ba ta da kaki, ba ta da takobi, aikinta ziyartar mabukata gida-gida. Ga kuma ƙungiyar maza ta CMO, wadda kowane magidanci ya kamata a ce yana cikinta tun kafin ya yi tunanin wata.

Baban Tagwaye:
Malam Katikis, kada ku sanyaya masa gwiwa. Mu 'yan Arewa mun yi kaɗan ƙwarai a waɗannan ƙungiyoyi a Legas, shi ya sa ba a jin muryarmu inda ake yanke shawara.

Malamin makaranta a Agege:
Yanzu Baba ya taɓo inda yake mana ƙaiƙayi. A cocinmu idan za a yi bikin godiyar kaka, ana yanka wa al'ummar masu jin Hausa gudummawa daidai da ta waɗanda suke da shaguna, alhali yawancinmu masu gadi ne da direbobi da ƙananan sojoji, wasu ma tun da aka hana acaɓa a manyan unguwanni a 2022 ba su sake samun tsayayyen aiki ba. Idan ana neman masu tsaron ƙofa da jera motoci, mu ake fara kira. Idan ana zaɓen majalisar coci, sai a ce a kawo wakili ɗaya.

Maman Alheri:
Ku ƙara da batun Misa ta Hausa. A wurinmu sau ɗaya ce a wata, kuma an tura ta tsakar rana bayan kowa ya gama, ga zafi, ga yunwar yara. Idan fadan da yake jin Hausa ya yi tafiya, sai a soke ta ba sanarwa, tsofaffin da suka biya kuɗin mota daga nesa su koma haka nan.

Sajan mai ritaya, Ojo:
A nan ina tare da Mama. A bariki ba mu da wannan matsalar saboda yawanmu, amma na ga abin da take faɗa a cikin gari. Sai dai mu ma muna da laifi, domin ranar da aka ba mu lokacin safe don gwaji, rabin mawaƙa sun iso ne bayan an karanta Bishara.

Direban Mile 12:
Mawaƙan suna bakin gadi har ƙarfe bakwai na safe, Yallaɓai, wanda zai canje su ne bai zo ba.

Akawu a Obalende:
Idan da gaske ake, a rubuta takarda ɗaya da sa hannun shugabannin al'ummarmu na kowace coci, a bi ta hannun Fada har ta kai ofishin Babban Bishop. An yi wannan magana a bara, aka tashi ba a zaɓi mai rubutawa ba. Malam, tunda kai ne mai alƙalami, za ka ɗauka?

Malamin makaranta a Agege:
Zan rubuta idan aka yarda a sa batun gudummawar kaka a ciki.

Katikis mai ritaya:
A'a, kada a haɗa su. Idan Fada ya ga maganar kuɗi a shafin farko, ba zai kai ga maganar Misa ba.