Yaushe mahayan dawakin tsere suka fara hawa a tsugunne, kuma dole ne su zama ƙanana?

Sabon_Shiga:
Assalamu alaikum 'yan uwa. A tsofaffin zane-zanen tseren dawaki na Ingila za ka ga mahayi zaune daram a sirdi, baya a miƙe, ƙafafu a sake har ƙasan cikin doki. Na yanzu kuwa ko zama ba ya yi, ya dunƙule a kan wuyan doki. Yaushe aka sauya? Kuma sharaɗi ne mahayi ya zama gajere?

Dogon_Linzami:
Wa alaikumus salam. Malam, ba a awon tsawo, nauyi ake awo. Kafin tsere mahayi zai hau sikeli da sirdinsa, in bai kai nauyin da aka ɗora wa dokin ba a cika da dalma a aljihunan ƙyallen da ke ƙarƙashin sirdi. Bayan tsere a sake auna shi, in nauyin ya ragu fiye da ƙima a ƙwace nasarar.

Da can ba a neman ƙananan mutane. A ƙarni na 18, tseren kofin sarki a Ingila mil huɗu ne, a yi shi zagaye bayan zagaye a rana guda, manyan dawaki na ɗaukar kimanin kilo 76. Da aka kafa tseren St Leger a 1776 da na Derby a 1780, hankali ya koma kan dawaki 'yan shekara uku da gajeren zango, dole kaya ya ragu. Sai kuma tseren da ake ba kowane doki nauyi gwargwadon ƙarfinsa, nan ne aka wuce gona da iri: a 1844 wani yaro, Kitchener, ya ci kofin Chester a kan wani doki mai suna Red Deer da nauyin kilo 25 kacal. Yau a tseren Kentucky Derby na Amurka namijin doki kilo 57 yake ɗauka, har da sirdi.

Mai_Likkafa:
Batun zama kuwa daga Amurka ya zo. Willie Simms, baƙar fata, ya hau da gajeriyar likkafa a Ingila a 1895, ba a kula ba. Tod Sloan ya zo a 1897, aka yi ta yi masa dariya wai biri a kan sanda, shi kuwa yana ta cin tsere. Cikin 'yan shekaru masu dariyar duk suka ɗage likkafunsu.

Mutane na cewa sirrin shi ne kauce wa iska. Akwai wannan, amma ba shi ne babba ba. Doki a guje jikinsa na hawa da sauka, yana ƙara gudu yana ragewa a kowane tsalle. Mai zama a sirdi, dole doki ya ɗaga shi ya tura shi gaba kowane karo. Wanda ya tsaya a kan likkafa kuwa, gwiwoyinsa ke lanƙwashewa suna miƙewa, gangar jikinsa na tafiya sumul, doki na kai-kawo a ƙarƙashinsa. Nauyin yana nan, wahalar jijjiga shi ce ta koma ƙafafun mahayi. Wani bincike da masanan kwalejin likitan dabbobi ta Landan suka fitar a 2009 ya nuna lokutan tsere sun inganta da kashi 5 zuwa 7 cikin ɗari a wajajen 1900, daidai lokacin sauyin.

Tsohon_Sirdi:
Ƙarin bayani kan tsawo, ɗan'uwa. Mahayin Amurka Bill Shoemaker santimita 150 ne, amma na Ingila Lester Piggott ya kai wajen 173, kuma sau tara ya ci Derby ta Ingila da ake yi a Epsom, likkafa a ɗage ƙwarai, ƙugu a sama. Dogo na iya hawa, sai dai ya sha yunwa. Fred Archer, shi ma dogo, zakaran mahayan Ingila shekara 13 a jere, da maganin wankin ciki da ɗakin tururi yake rage nauyi, ya kashe kansa a 1886 yana fama da zazzaɓi, yana ɗan shekara 29. Har gobe matsalar na nan: mahayi ya matse ruwan jikinsa da safe don ya wuce sikeli, ya iso zangon ƙarshe cinyoyi na rawa, ya fara faɗawa kan sirdi yana bugun bayan doki, amfanin tsugunnon ya tafi.

Mai_Likkafa:
Haka ne. Kuma ɗage likkafa na da farashi: ƙafa ba ta rungumar doki, kan yatsu kawai ke cikin ƙarfen, doki na yin tuntuɓe ko ya zille sai mahayi ya wuce ta kansa. Shi ya sa masu tseren tsallake shinge ke ɗan sassauta igiyar likkafa. A Amurka, da yake hagu ake juyawa, wasu mahaya irin su marigayi Eddie Arcaro kan bar likkafar hagu ta fi ta dama tsawo, don su jingina da ita a kwana.