Neman shawara: inshorar mai bincike da ɗalibansa in an fita aikin fili

Assalamu alaikum 'yan uwa, don Allah shawara nake nema. Ni lakcara ne a wata jami'a, na samu ɗan tallafin bincike kan cutar tsargiya a ƙauyukan fadamar Hadejia zuwa Nguru, kuma da ɗalibai biyu na mastas zan tafi. Abin da ke hana ni barci shi ne bara da muka je kwale-kwalenmu ya kife kusa da gaɓa, Allah ya tsare ba a rasa rai ba amma maikroskop na sashe da laftof ɗina duk suka sha ruwa, ɗaya yaron kuma ya karye a hannu, da muka dawo aka ce ai ni na sa hannu na karɓi kayan don haka ni zan biya, kuɗin asibitin yaron ma daga aljihuna ya fita don ba zan iya kallon idon mahaifinsa in ce ba ruwana ba. Shin akwai inshorar da ke ɗauke mana irin wannan nauyin? Ya ku kuke yi?

Amsa daga wani ma'aikacin sashen kuɗi:
Wa alaikumus salam Dakta, Allah ya kiyaye gaba. Kai ma'aikaci ne, doka ta ba ka abu biyu. Akwai dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010 wadda hukumar inshorar ma'aikata ta NSITF ke kula da ita, ma'aikata ce ke zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin da take biya, ba daga naka ake cirewa ba, kuma ita ce ta raunin da aka ji a bakin aiki. Sai inshorar rai da dokar fansho ta 2014 ta wajabta, aƙalla ninki uku na albashin shekara, amma wannan ta magada ce in ta Allah ta kasance. Inda malamai ke faɗuwa shi ne takarda, mutum ya ɗauki jaka ya tafi daji ba izini a rubuce, in abu ya faru da me za ka nuna aiki ne ya kai ka? Ka karɓi takardar izinin tafiya mai kwanan wata da sunayen garuruwan, kuma in an ji rauni ka sanar a rubuce cikin kwana 14. Ka leƙa ofishin rijistara ka tambaya ko ana zuba kuɗin ma kuwa.

Amsa daga wata malama:
Malam ni yaran nan ne damuwata wallahi, duk abin da aka lissafa a sama bai shafe su ba tunda ba ma'aikata ba ne. TISHIP, wato inshorar lafiyar ɗaliban manyan makarantu, ta magani ce, ba ta biyan diyya in yaro ya nakasa. Mu da za mu fita inshorar haɗari ta rukuni muka yanka na iya watannin aikin, har da direba da mai mana jagora a ƙauye. Kayan aiki kuma ka nemi wadda suke ce wa all risks, wato ta haɗurra iri-iri, ka ba su lambar jikin kowace na'ura, don inshorar gobara ta gini ba ta bin kaya zuwa fadama. Amma ka faɗa musu gaskiya cewa za ku shiga kwale-kwale kuma a rubuta shi a takardar, in ka ɓoye ranar biya za su ce ba haka aka yi da su ba.

Amsa daga wani ɗan uwa:
Ranka ya daɗe in batun halasci ne ke maka nauyi akwai takaful, wato inshorar tsarin Musulunci, irin su Jaiz Takaful da Noor Takaful, hukumar kula da inshora ta ƙasa, NAICOM, ce ta ba su lasisi. Ka biya kuɗin kafin ku tashi don inshora ba ta fara aiki sai kuɗi ya shiga. Kuma ku sayi rigar da ke hana nutsewa a ruwa ta mutum uku, bayanan da kuka tara ku riƙa turawa imel duk inda aka samu sabis, babu kamfanin da zai dawo maka da sakamakon gwajin fitsarin yara ɗari in littafin ya nutse.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Gobe zan rubuta wa shugaban sashe neman izinin. Hajiya don Allah kuɗin inshorar yaran a cikin kasafin tallafin kika saka ko daga aljihu kika biya? Nawa kasafin an riga an amince da shi, ina tunanin in nemi a gyara kafin kuɗin su fito.